Taga ta Huɗu

Ga Tordis Myklebust, ranar da ta ajiye aiki a ma'aikatar birnin Bergen

Yau ma ana ruwa.
A Bergen wannan ba labari ba ne.
Labarin shi ne kin miƙa makullai,
kin ɗauki tsohuwar lemarki mai karyayyen ƙashi,
kin bar kujerar da ta san nauyinki
shekara arba'in da ɗaya.

Ina 'yar shekara shida na fara ganinki.
Babana ya taso daga kamfanin kifi,
ƙarnin bai bar rigarsa ba,
mutanen layi suka ja da baya, taku ɗaya, taku biyu.
Ke kuwa kika matso da kujera.
Kika ce, "Faɗa mini sunan a hankali."
Ya ce, Kanagaratnam Sivapalan.
Kika ɗauko shi, kika yi tuntuɓe a tsakiya,
kika yi wa kanki dariya, kika sake.
Sau huɗu. Da yatsuna na ƙirga.
Gurbin suna ya cika, sunan bai ƙare ba,
sai kika bi gefen takarda da alƙalami,
ko harafi ɗaya ba ki yanke masa ba.
A hanyar gida bai ce uffan ba,
amma ya saya mini burodi mai kirfa,
abin da bai taɓa yi ba.

Kada su mai da ke waliyyiya yau da jawabi.
Kina da faɗa.
Gahawarki ta fi magani ɗaci.
An sha jin muryarki daga hawa na uku.

Shekara tara kina rubuta wasiƙa
a kan matakala bakwai na ƙofar gaba,
don Eilif mai keken guragu
da ake shigar da shi ta baya, inda ake fitar da shara.
Suka ce ginin na tarihi ne, ba a taɓa shi.
Kika ce, "Dutse ke da tarihi, Eilif ba shi da shi?"
Ranar da aka zuba gangaren siminti
Eilif ya yi wata biyar a kabari.
Ba ki je yanka kirtani ba.
Washegari da sassafe na gan ki a kai, ke kaɗai,
kina gwada santsinsa da tafin takalmi.

Kina da hamsin kika shiga koyon maganar hannu,
ga yatsu sun ƙage da sanyin ƙashi.
Kuramen gari suka ce kina in'ina,
suka ci gaba da zuwa tagarki duk da haka,
wataƙila ma saboda haka.

Wai baƙo raɓa ne, rana na fitowa ya tafi.
Kin ce a garin da rana ke rowar fuska
gara a nema wa raɓa ɗaki,
a sa 'ya'yanta makaranta,
a ba ta aiki idan ta ci jarrabawa.
Na ci.
Ke kika gyara mini wasiƙata ta farko da jan biro,
har na yi kuka a banɗaki.

Ɗazu magajin gari ya ba ki faranti mai rubutu,
kika juya shi kina neman inda za ki ajiye.
Mu kuwa muna baya:
masu ɗankwali, masu sanda, masu tafi da hannu sama,
ba mu cika hoto ɗaya ba.

Litinin ni ce a taga ta huɗu.
Na ja aljihun tebur, na tarar kin bar littafi,
bangonsa ya ci hannu,
sunaye ne jere, yadda masu su ke furta su.
A shafi na sha tara ga babana,
wanda muka ƙone gawarsa bara da sanyi,
an soke shi sau uku,
na huɗun daidai.